Yadda Ƙaramar Kwamfuta Take Sanin Halin Da Batir Yake Ciki

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga ƙaramar hukumar Babura, da sauran ƙananan hukumomin wannan shiyya ta arewa maso yammacin Jihar Jigawa irin su Kazaure da Roni da Gwiwa, zai ga farantan sola a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai da cibiyoyin lafiya. A mafi yawan wuraren akwai batir a ƙarƙashin farantin, a tsakaninsu kuma akwai wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu ko lambobi, wanda aikinsa shi ne daidaita caji. Haka nan wayar hannu takan nuna wa mai ita cewa saura kashi 60 cikin 100 na cajinta.

Batir ba randa ba ne, balle a leƙa a ga inda ruwa ya tsaya. To, ta yaya na'ura take sanin abin da ya rage a cikinsa? A wannan darasi za mu bi sawun wannan lamba tun daga bakin batir har zuwa fuskar na'ura. Za mu ga cewa ƙiyasi ce, kuma ingancin ƙiyasin ya dogara ne a kan wata 'yar manhaja da ba a ganin ta. Idan ta yi daidai, batir ya yi shekaru yana aiki. Idan ta yi kuskure, magidanci ya yi asarar kuɗin da ya daɗe yana tarawa.

Daga Kwaɗo Zuwa Batir

Asalin batir yana da alaƙa da ilimin halittu. A shekarar 1791 wani likita ɗan Italiya mai suna Luigi Galvani ya wallafa bincikensa, inda ya nuna cewa ƙafar mataccen kwaɗo takan motsa idan aka taɓa jijiyarta da ƙarafa. Shi ya ɗauka wutar daga jikin dabbar take fitowa. Wani masanin ƙasar tasu, Alessandro Volta, ya ce sirrin yana cikin haɗuwar ƙarafa biyu mabambanta. Domin ya tabbatar da hujjarsa, sai ya jera faya-fayan ƙarafa iri biyu, da kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, ya samar da batir na farko a shekarar 1800. Ya kuma kamanta ƙirar tasa da gaɓar lantarki ta wasu kifaye. Masunta a ƙasar Hausa sun san irin wannan halitta, wato minjirya, wadda take girgiza duk wanda ya kama ta da hannu.

Batir mai dalma da ruwan batir, irin na mota da na sola, Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a Faransa a shekarar 1859. Batirin litiyam kuwa, irin na wayar hannu, kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da shi kasuwa a shekarar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Ɓoyayyiyar Kwamfuta

A cikin akwatin daidaita caji akwai kwamfuta, sai dai ba irin wadda ake ajiyewa a kan tebur ba. Wata 'yar ƙwaya ce baƙa, wadda sau da yawa ba ta fi farcen yatsa girma ba, amma tana ɗauke da sashen lissafi da ma'ajiyar bayani da ƙofofin hulɗa da waje. Tun da yake an binne ta a cikin wata na'ura domin aiki guda, bari mu kira ta ɓoyayyiyar kwamfuta. Akwai irinta a cikin inbata, da mitar wuta, da na'urar cirar kuɗi ta hannu da ake gani a kasuwanni.

Ƙarfinta kaɗan ne. Alal misali, ƙwayar da ke kan allon koyo na Arduino Uno tana da ma'ajiyar manhaja mai kilobait 32, da ma'ajiyar aiki mai kilobait 2 kacal. Hoto guda na wayar hannu ya fi ƙarfin wannan ma'ajiya nesa ba kusa ba.

Idan aikin na'ura kaɗan ne, jerin umarni guda mai maimaita kansa ya wadatar. Amma idan ayyuka suka yi yawa, a auna batir, a auna zafi, a rubuta lamba a fuska, a saurari maɓalli, to, sai an sami mai raba lokaci. Wannan ita ce manhajar gudanarwa. Ita take ba kowane aiki damarsa, ta fifita mai gaggawa a kan wanda zai iya jira. Ƙananan na'urori da yawa suna amfani da FreeRTOS, wadda ta fito wajen shekarar 2003. Wayoyin Android kuwa an gina su ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991.

Tafinta Tsakanin Ƙarfe Da Manhaja

Manhajar gudanarwa ba ta san harshen kowane ma'auni ba, domin kowane kamfani da yadda yake tsara nasa. Saboda haka ake rubuta wata 'yar manhaja ta musamman domin kowane sashe na na'ura. Injiniyoyi suna kiran ta direba, amma tun da yake ba mota take tuƙawa ba, sunan da ya fi dacewa da aikinta shi ne tafinta. Manhajar gudanarwa takan ce mata, "Nawa ne ƙarfin batir?" Ita kuma sai ta juya ta yi wa ma'auni magana da harshensa, ta karɓo amsa, ta mayar da ita lambar da kowa zai gane.

Ɗalibin ilimin halittu ya san kwatankwacin wannan. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, ba ta taɓa ganin haske ko jin zafin wuta da kanta ba. Ido da kunne da fata su ne suke mayar da haske da sauti da zafi su zama saƙon lantarki, jijiyoyi su ɗauka su kai mata. Idan jijiyar ido ta lalace, mutum ba zai gani ba ko da idon nasa garau yake.

Mai rubuta tafinta yakan fara da karanta takardar bayanin da kamfani ya fitar game da ma'aunin. Daga nan sai ya tanadi abubuwa huɗu. Na farko, yadda za a tayar da ma'aunin a saita shi idan an kunna na'ura. Na biyu, yadda za a karɓo lamba daga gare shi. Sau da yawa ana yin haka ta wayoyi biyu kacal, bisa wani tsari mai suna I²C da kamfanin Philips na Holan ya fito da shi a shekarar 1982. Na uku, yadda za a fassara lambar. Na huɗu, abin da za a yi idan ma'aunin ya yi shiru ko ya ba da amsar da hankali ba zai ɗauka ba. Wannan na huɗu shi masu koyo suka fi mantawa, alhali kuwa waya takan tsinke, tsatsa takan ci mahaɗa.

Akwai hanyoyi biyu na jin labari daga ma'auni. Ko dai kwamfuta ta riƙa zagayowa lokaci-lokaci tana tambaya, ko kuma ma'aunin ya katse ta da kiran gaggawa idan wani abu ya faru. Cajin batir a hankali yake sauka, saboda haka zagaye ya ishe shi. Amma idan wayoyi biyu suka haɗu wuta ta yi tsalle, babu lokacin jira. Haka jikinmu yake yi: idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce take ba da umarnin janye shi tun kafin ƙwaƙwalwa ta gama tantance abin da ya faru.

Hanya Ta Farko: Auna Matsin Wuta

Mu kwatanta batir da tankin rijiyar burtsatse. Ƙarfin da yake tura ruwa cikin bututu shi ne matsi, yawan ruwan da yake wucewa kuma shi ne kwarara. A lantarki ana auna matsi da bolt, ana auna kwarara da amfiya.

Batirin dalma mai bolt 12 yana da ɗakuna shida, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan ya cika kuma ya huta, matsinsa yakan kai kimanin bolt 12.6. Idan ya kai rabi yakan nuna kimanin 12.2, idan kuma ya sauka wajen 11.8, to, kusan babu komai a ciki. Ashe ke nan tsakanin cikakke da wanda ya ƙare bai kai bolt guda ba.

Ƙwayar Arduino Uno ba ta karɓar abin da ya wuce bolt 5. Domin haka sai a haɗa ƙananan birkunan wuta guda biyu, waɗanda masu gyaran rediyo suke kira resista, ɗaya ya ninka ɗaya, domin a raba matsin gida uku a miƙa mata kashi ɗaya. A cikinta akwai sashen da yake mayar da matsi lamba, daga 0 zuwa 1023. Ga yadda lissafin yake:

Bolt 12.6 a raba uku, 4.2 ke nan; lambar da za ta fito ita ce 859.
Bolt 12.2 zai ba da 832.
Bolt 11.8 zai ba da 805.

Aikin tafinta shi ne ta mayar da lissafin baya: ta ninka lambar sau 15, ta raba da 1023. Mu lura da cewa dukan rayuwar cajin batir tana cikin matakai 54 ne kacal. Idan resista ta kauce wa ƙimarta har awo ya karkace da kashi 1 cikin 100, kuskuren ya kai bolt 0.126, wato kusan kashi 16 cikin 100 na cajin batir. Wannan ne ya sa mai rubuta tafinta yake gwada sakamakonsa da amintacciyar mita ya gyara lissafinsa, yake kuma sa ta ɗauki awo sau da yawa, misali sau 16, ta fitar da matsakaici.

Wannan hanya tana da rauni. Matsi yakan faɗi idan an kunna kaya masu jan wuta, yakan kuma hau idan rana tana caji. Saboda haka batir yana iya nuna bolt 13.5 da azahar alhali bai cika ba. Awon da za a amince da shi shi ne na batirin da ya huta na 'yan sa'o'i, ba shiga ba fita.

Hanya Ta Biyu: Ƙidayar Shiga Da Fita

Mai rumbu ba sai ya leƙa kullum ba. Idan ya san dami nawa ya zuba, yana kuma riƙe da lissafin abin da ake fitarwa, ya san abin da ya rage. Na'ura ma tana iya yin haka. Akan sa wata resista mai ƙaramar ƙima a kan hanyar wuta, a riƙa auna ɗan matsin da yake faɗuwa a kanta, daga nan a san amfiya nawa suke wucewa. Idan batir mai amfiya-awa 100 ya cika, aka ja amfiya 5 na tsawon awa 4, an ci 20, saura 80.

Wannan hanya ta zama dole ga wani nau'in batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda yake ƙara yaɗuwa a harkar sola, domin matsin kowane ɗakinsa yakan tsaya kusa da bolt 3.2 zuwa 3.3 a mafi yawan tafiyarsa, sai dab da ƙarewa ya faɗi kwatsam.

Ita ma ƙidaya tana da nata ciwon, wato taruwar kuskure. A ce ma'auni yana ƙara amfiya 0.05 a kan gaskiya. A yini guda kuskuren ya zama amfiya-awa 1.2, a kwana 30 ya zama 36, fiye da sulusin batirin. Da yayyafi kogi kan cika. Maganin abin shi ne, duk lokacin da batir ya cika maƙil, sai manhaja ta share tsohon lissafi ta fara sabo daga 100. Na'urori masu inganci suna haɗa hanyoyin biyu, kowace tana gyara 'yar'uwarta. Bugu da ƙari, batir yana raguwa da tsufa. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar waya takan mutu tana nuna kashi 20: lissafinta yana kan batirin da ta sani yana sabo.

Zafin Bazara Da Ƙurar Hunturu

Kamfanoni suna rubuta ƙimar batirin dalma ne bisa zafin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. A Babura, wadda take kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, zafin watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Zafi yana hanzarta haɗuwar sinadarai, a cikin batir kamar yadda yake yi a jikin halittu. Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana rage tsawon ran batirin dalma da rabi.

Batirin dalma mai bolt 12 akan caje shi har wajen bolt 14.4 a digiri 25. Idan ya yi zafi, wajibi ne a rage wannan iyaka da kimanin milibolt 18 zuwa 30 a kan kowane digiri, in ba haka ba ruwansa ya riƙa ƙonewa. A digiri 40, ragin zai kai bolt 0.27 zuwa 0.45. Ashe ana bukatar ma'aunin zafi da tasa tafintar. Idan kuwa ma'aunin yana cikin akwatin da aka rataye a inuwa mai iska, batir yana can lungu mai zafi, to, zafin wani wuri ake aunawa.

Da hunturu matsalar takan juya. Ƙura takan rufe faranti, hazo ya rage hasken rana, batir ya yi kwanaki bai cika ba. A irin wannan hali gishirin dalma da yake taruwa a kan faya-fayan ciki yakan daskare, ya ƙi narkewa, ƙarfin batir ya ragu har abada.

Yanke Hukunci

Awo ba shi da amfani sai an yi aiki da shi. A jikin ɗan'adam, wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna fankiriyas tana lura da sukarin jini. Idan ya hau ta saki insulin, idan ya sauka ta saki gulukagon, ta haka sukarin mai lafiya kafin karin kumallo yake tsayawa tsakanin miligiram 70 zuwa 100 a kowace desilita. Akwatin daidaita caji ma iyaka biyu yake tsarewa. Idan batir ya cika ya rage wutar da take shiga, idan ya yi ƙasa ya yanke wadda take fita.

A nan akwai wata dabara. Akwatuna da yawa sukan yanke wuta a wajen bolt 11 zuwa 11.5, amma ba sa mayar da ita sai matsi ya koma wajen 12.6. Dalili kuwa, da zarar an sauke wa batir kaya matsinsa yakan ɗan farfaɗo. Da a ce iyakar guda ce, da fitila ta riƙa kawowa tana ɗaukewa ba tsayawa. Saboda haka wanda ya ga akwati ya yanke wuta, ya zagaye shi ya ɗaura waya kai tsaye a kan batir, ya sami hasken dare guda ne a bakin watannin da ya rage wa batirinsa.

Ita kanta kwamfutar tana iya cijewa. Domin haka ake sa mata mai gadi, wato wani agogo da dole manhaja ta riƙa taɓa shi a kai a kai. Idan ta yi jinkiri, sai ya kashe na'urar ya sake kunna ta. Ko manyan injiniyoyi suna dogara da wannan dabara. A watan Yulin 1997, kwamfutar kumbon Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ta riƙa sake kunna kanta, saboda wani ƙaramin aiki ya riƙe hanyar da babban aiki yake jira. Injiniyoyi suka gano matsalar, suka aika gyara daga nan duniya.

Darasi Daga Firjin Rigakafi

Inda wannan ilimi ya fi shafar rai shi ne ajiyar allurar rigakafi. A cibiyoyin lafiya ana ajiye yawancin alluran ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana rage musu ƙarfi, daskarewa kuma tana lalata wasu, kamar ta ciwon hanta nau'in B. Firjin sola na farko-farko da batir suke aiki, kuma mutuwar batir tana cikin manyan dalilan da suka sa da yawansu suka tsaya. Daga wajen shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da wani sabon samfuri marar batir, wanda yake daskarar da ruwa da rana, ƙanƙarar ta riƙe sanyi da dare. Irinsa ne ake rabawa cibiyoyin lafiya da yawa a Nijeriya.

Duk da haka ba a rabu da ɓoyayyiyar kwamfuta ba. A cikin firjin akan ajiye wata 'yar na'ura mai nata ƙaramin batir, wadda take rubuta zafin kwana 30. Takan nuna alamar gargaɗi idan zafi ya wuce digiri 8 na tsawon awa 10, ko ya sauka rabin digiri ƙasa da sifiri na tsawon awa guda. Domin batirinta ya daɗe, manhajarta takan yi barci, ta farka ta yi awo, ta koma. Irin wannan kula da sanyi yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020.

Aiki Domin Aji

Malami zai iya gudanar da wannan gwaji da mita irin ta masu gyaran rediyo, da batirin babur mai bolt 12, da ƙwan fitilar babur. A kiyaye kada wani ƙarfe ya haɗa kawunan batir biyu, kada kuma ruwan batir ya taɓa fata ko ido.

1. A auna matsin batir bayan ya kwana ba a taɓa shi ba.
2. A haɗa ƙwan fitila, a riƙa rubuta awo kowane minti 5 har rabin awa.
3. A cire ƙwan, a sake awo nan take, sannan bayan minti 30.
4. Ɗalibai su zana jadawali, su bayyana dalilin da ya sa matsi ya farfaɗo alhali ba a yi caji ba.
5. Idan tafinta ta karɓi lamba 846, bolt nawa ke nan?

Kammalawa

Mun ga cewa lambar da na'ura take nunawa tana biyowa ta hannun ma'auni, da sashen mayar da matsi lamba, da tafinta, da manhajar gudanarwa, kuma kuskure yana iya shiga a kowane mataki. Ga mai sola a gida, abin yi a bayyane yake: ya ajiye batir a inuwa mai iska kusa da akwatinsa, ya riƙa goge faranti da hunturu, ya bar batir ya riƙa cika maƙil, ya guji cin fiye da rabin batirin dalma a kullum, kada kuma ya zagaye akwati idan ya yanke wuta. Ga ɗalibi kuwa, abin da ake bukata domin fara rubuta tafinta shi ne lissafin sakandare, da dokar Ohm, da haƙurin gwaji. Wanda yake son zurfafawa yana da makarantu a kusa, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da Jami'ar Bayero da ke Kano. Na'urorin da aka ƙera a ƙasashe masu sanyi suna bukatar waɗanda suka san zafin bazarar Babura su gwada su, su kuma gyara lissafinsu.